Gyaran da Clarrie Ya Yi wa Filin

Ranar da za a zo auna filin, Clarrie Bowditch ya sa rigarsa ta zuwa coci, ya tsaya a bakin shinge yana jira. Filin na mahaifinsa ne tun asali. Kamfanin haƙar kwal ya karɓe shi lokacin Clarrie yana saurayi, ya farke cikinsa, ya kwashe abin da zai kwasa, sannan ya mayar da ƙasa ya dasa itatuwan turare layi-layi. Alkawarin da aka yi shi ne, duk ranar da masu awo suka ce ƙasar ta farfaɗo, za ta koma hannun iyalin. Yanzu kan Clarrie ya yi fari fat, likitansa ma ya daina yi masa zancen shekaru masu zuwa. Burinsa ya ga shanunsa a kan tudun nan kafin ya tafi.

A yankinsu ba a barin baƙo ya tarar da wurin kiwo a hargitse. Ko dillalin shanu ne zai zo, sai an gyara wuri. Shi ya sa a farkon mako Clarrie ya ɗaura injin yanka a bayan tarakta, ya bi tsakanin layukan itatuwan ya aske ciyawar tas. Da ma shi ke duba wa kamfanin shinge, yana shiga duk lokacin da ya so, bai kuma shawarci kowa ba.

Da hantsi wata a-kori-kura ta tsaya. Narelle ce ta fito, 'yar marigayi Desmond maƙwabcinsa, wadda yanzu take aikin awon filaye.

"Baba Clarrie, wannan kwalliya fa? Aure za ka sake?"

"Wa zai kwashi tsohon kaya? Ke dai har yau ba ki iya tuƙi ba, saura ƙiris ki tafi da ƙofar."

Tana dariya ta juya ta kalli tudun, sai dariyar ta tsaya. Ta ɗauko igiyar awo, ta ɗaura a turken ƙarfen da aka kafa tun shekarar dashe, ta ja ta zuwa ɗaya turken. Clarrie ya bi ta da shayi a hannu. Ya ga ta durƙusa tana shafa ƙasa da yatsu, ta matsa gaba, ta sake durƙusawa.

"Baba, wa ya yi yanka a nan?"

"Ni mana. Da makon jiya kika zo, ciyawa har ƙugu, ga macizai. Na ce 'yar Desmond ba za ta shiga wannan jeji ba."

Ta tsinko wani ɗan jan kara mai kaurin tsinken ashana, ta miƙa masa. Wuƙar injin ta fille kansa. Ya murza shi, ya kai hanci, ya ji ƙamshin turare.

"Manyan nan mutum ne ya dasa su," in ji ta. "Abin da aka turo ni nema shi ne 'ya'yansu, waɗanda iri ya faɗo suka tsiro da kansu. Su ne shaidar ƙasa za ta riƙe kanta in kowa ya watse. A cikin doguwar ciyawa suke fakewa, shi ya sa kangaru da sauran namun daji ba sa samunsu su cinye."

Clarrie ya dubi ƙasa. Yanzu da idonsa ya san abin nema, sai ya riƙa ganin jajayen kututturen nan ko'ina, har ƙarƙashin takalminsa. Ashe ƙasar ta yi nata. Ya ajiye kofin a kan ciyawa.

"To ki ƙirga gindin, 'yata. Ai kina ganinsu."

"Mai ganye kaɗai ake ƙirgawa, Baba."

"Daga ni sai ke a nan."

Narelle ta sunkuyar da kai. "Wani zai biyo bayana a kan wannan layin. In ya tarar da abin da ban faɗa ba, sai a soke komai, a koma farko."

Bai sake roƙonta ba. Can ya ce, "Sai yaushe ke nan?"

"Wasu za su toho daga gindi in an sami ruwa. Amma sai sun yi tsawo. Ba na jin baɗi ne."

Ya gyaɗa kai. Su biyun sun san ba lallai ne ya kai lokacin ba.

Ta ci gaba da bin igiyar, shi kuma yana biye a hankali, yana duba inda zai sa ƙafa. A jikin turke na biyu, inda wuƙar ba ta kai ba, ta sami guda ɗaya a tsaye da ganyensa. Guda ɗaya ba ya isa, ta faɗa masa hakan.

Clarrie ya dafa kafaɗarta, ya durƙusa da ƙyar.

"Nuna mini sosai yadda ake bambanta shi da ciyawa," ya ce. "Ranar Lahadi 'yata Glenys za ta zo daga birni. Ita za ta karɓi wurin nan, gara in koya mata tun ina iya hawa tudun."