Takardar Auta

Uwar tana tsaka da ɗinki 'yarta Auta ta kawo mata wata takarda daga makaranta, ita kuwa ta sa hannu ko karantawa ba ta yi ba. Wai masu bincike ne daga jami'a ke tambayar 'yan mata yadda suke barci da cin abinci, da abin da ke damunsu. Sai bayan wata biyu ta ji a bakin maƙwabciya cewa yarinyar ta yi awa guda a wurin matar da ke binciken, ta fito ido jawur.

Washegari ta rufe shago ta nufi ofishin, tef ɗin awo na rataye a wuyanta. Ɗan ƙaramin ɗaki ne a hawa na biyu, ga ma'auni a bakin ƙofa, ga kabad ɗin ƙarfe da kwado. Mai binciken, wata siririya mai tabarau, ta ɗago kai.

"Ke ce kika sa 'yata kuka?"

"Sannu da zuwa, Mama. Bismillah, zauna."

"Ba zama ya kawo ni ba. Miƙo min abin da ta rubuta."

Matar ta ce ba dama. Sun yi wa yaran alkawarin ba mai gani, sai fa in ran yarinya na cikin haɗari, nan ne suke kiran iyaye.

"Alkawari? Ke kika yi naƙudarta? Ni na goya ta, ni na yi jinyarta, yau ke da kika gan ta awa ɗaya kin fi ni sanin cikinta?"

"Ban ce na fi ki ba. Amma yana rubuce a shafi na biyu na takardar da kika sa wa hannu."

Maganar ta soke ta, don ba ta ma san akwai shafi na biyu ba. Ta buga tebur har biro ya faɗi.

"To na cire ta! Ki nemi wata ki yi digirinki da hawayenta."

"Haƙƙinki ne," in ji matar, murya a bushe. "Amma sai dai a lalata takardar, ba a ba ki ba."

Ta buɗe kabad ta zaro shafi huɗu. Daga nesa uwar ta gane rubutun Auta, ƙanana a karkace, ya cika gaba da baya har gefe. Yarinyar da in ta ce "to" a gida ta gama maganar yini! Uwar ta kai wawura, amma injin yanka takarda da matar ta tura su ciki ya riga ya ja. Ta bar ofishin tana zagi har ƙasan bene.

Ta iske Auta a kicin tana wanke-wanke.

"Me kika faɗa wa waccan matar?"

Yarinyar ta tsaya cak. "Can kika je?"

"Na je, na kuma cire ki. Uban me na yi miki da za ki kai ni gaban bare?"

"Wa ya ce maganarki na yi?" Auta ta ajiye kwanon da ƙarfi. "Komai sai ya zama ke, Mama."

Uwar ta ɗaga hannu za ta mare ta. Yarinyar ba ta kauce ba, ko ƙiftawa ba ta yi ba. Hannun ya sauka da kansa.

Sati uku gaisuwa kawai ke haɗa su. Uwar ta tambayi yayar Auta, ta tambayi malamar ajinsu, har jakar makarantar ta bincike, ba ta samu komai ba. Ran nan ta sake hawa benen, ta tarar an kwashe kayan ofishin, wani mai fenti na shafe bango. Ya ce shi bai san inda suka koma ba.