Hutun Baba Tela

"Buɗe, ko in ɓalle ƙyauren nan!" Gwaggo mai wankau ta sake narka wa ƙofar sandarta.

Ɗan Baba Tela ya leƙo yana gyara tabarau. "Gwaggo, likita ya ce Baba ya huta. Jininsa ya hau, zuciyarsa ta kumbura."

"Ya huta aka ce, ko ku binne shi da rai? Sati uku kun kulle mini maƙwabci, kun ɓoye keken ɗinkinsa, kun kori abokan hirarsa. Ban yi boko ba, amma na san mutum ba buhun hatsi ba ne. Matsa!"

Shekara talatin, kullum sai sun yi cacar baki ta kan katanga, ita da tela. Tun da aka rufe shi, ita ma abinci ya daina yi mata daɗi.

Ta same shi kwance yana kallon bango, magunguna jere a taga, kwanon abinci ko buɗewa ba a yi ba. Ta wurga masa wata riga.

"Tashi, mugun tela! Hannu ɗaya ya fi ɗaya tsawo. Haƙƙina na zo karɓa."

Tsoho ya juyo a hankali. "Ke ce a karkace, uwar masifa."

"Kun ji shi! Ashe da sauran baki."

Ran nan aka fito da keke ƙofar gida. Gwaggo ta tsaya a kansa har ya haɗiye magani, ya cinye abinci yana mita. Mahauci da mai aski suka dawo da musunsu na ƙwallo. Da aka koma awo, likita ya dubi ɗan ya ce, "Ko me kuka canza, kada ku daina."

"Ni ce maganin," in ji Gwaggo. "Safe da yamma."

Wata biyar ya ƙara a duniya. Wani hantsi Gwaggo ta ce masa ɗinkinsa ko akuya ba za ta sa ba. Ya yi dariya har da hawaye, ya kifa kai a kan keken.

"Ba ka da amsa ke nan? Yau na kayar da kai!"

Mai aski ya taɓa wuyansa, ya yi salati.

Gwaggo ta daɗe a tsaye. Sannan ta duƙa ta ɗauko hularsa da ta faɗi, ta kaɗe ƙurar, ta mayar masa, ta ɗan karkata ta gefen hagu.