Me Ta Ce, Malam?

Mijina Tasi'u shekara bakwai ya yi a jami'a yana karatun kimiyyar harshe, kuma wallahi ya san abinsa. In ya zauna yana yi maka bayanin yadda sauti ke fitowa daga maƙogwaro, ko yadda harsuna ke da dangi kamar mutane, sai ka manta ka ɗora tukunya. Amma yare biyu yake ji, Hausa da Turanci, sai ɗan Larabcin allo. Mutanen Tudun Wada kuwa da suka ji an ce harshe ya karanta, sai suka yanke cewa babu yaren da ba ya ji a duniya, suka sa masa Malam Mai Harsuna. Bai taɓa cewa ya iya ba, bai kuma taɓa cewa bai iya ba. Murmushi kawai yake yi ya gyara zaman hula.

Ni kuwa a Garwa ta Kamaru na tashi, inda babanmu ke fataucin atamfa, sai da na shekara goma sha biyu muka dawo gida. Can na tsinci Faransanci, rabi a aji, rabi a bakin kasuwa. Tasi'u yana kiransa Faransancin masu tumatur. Ya ce abin da nake yi aku ma yana yi, jin yare daban, sanin yadda yare ke aiki daban. Nakan ce to, in ci gaba da aikina. Amma abin yana yi mini ciwo, ba zan ɓoye ba.

Wata Litinin da hantsi muna dawowa daga gaisuwar rasuwa a kan babur ɗinsa, muka tarar hanya ta toshe a bakin tasha. A watan an nemi wata yarinya an rasa a wani ƙauye wajen Kiru, don haka kowa a tsorace yake, kowane baƙo abin tuhuma ne. Kafin mu juya, Uba shugaban 'yan kamasho ya hango mu.

"Alhamdu lillahi! Ga Malam Mai Harsuna Allah ya kawo. Ku buɗe masa hanya!"

Aka ja Tasi'u tsakiya, ni kuma na kutsa cikin mata ina leƙe. Wata mace ce zaune a ƙasa, an yage mata hannun riga, leɓenta na zubar da jini. Gefe guda Iya Kaltume mai abinci ta rungume wata yarinya da ba ta wuce shekara uku ba, tana tsala ihu har muryarta ta dushe. Maza sun zagaye da gorori. Umaru mai bumburutu yana tsaye da jarkar fetur a hannu, kuma ba sayarwa ya zo yi ba.

Uba ya ce, "Malam, tun ɗazu matar nan ke zarya da yarinyar nan, duk motar da ta tsaya sai ta nemi cusa kai. Mun yi mata Hausa, mun yi Turanci, an yi Fillanci, shiru. Dubi yarinyar fara sol, ita kuwa ga ta nan baƙa. Kuma yarinyar ture ta take yi."

"An kira 'yan sanda?" in ji Tasi'u.

"An kira, motarsu tana Doguwa. Ka tambaye ta kawai inda ta sato ta."

Tasi'u ya tsuguna a gabanta. Ganin mutum mai gilashi da biro a aljihu, matar ta kama bakin rigarsa ta dinga zuba magana tana kuka. Tun daga jimlar farko na ji yaren. Ba duka ba, amma na ji mota, na ji jaka, na ji tana ta nanata 'yata ce, 'yata ce.

Amma na tsaya a inda nake. Ta yaya zan keta maza in ce mijina bai ji ba, ni na ji? Shekara shida garin nan na girmama shi da sunan nan. Ɗaliban makarantar da yake koyarwa suna cikin taron. Ga kuma tsoro, kar a ce bakinmu ɗaya da ita. Na ce a raina bari in jira, shi mai ilimi ne, zai san dabarar da zai yi.

Ya miƙe yana kaɗe gwiwa. "Faransanci take yi," ya ce. "Amma karin maganarta na mutanen kudancin Chadi ne. Akwai wani yaren a ƙarƙashinsa, shi ne nata na gado."

Daga baya ta tabbata gaskiyarsa ce, ko kuskure babu. Sai dai a ranar ba wanda ya zo jin wannan.

"Mun ji, Allah ya ƙara basira," in ji Uba. "To me ta ce?"

Tasi'u ya cire gilashi ya goge da bakin riga, ya mayar. Na ga gumi yana bin wuyansa.

"Malam, me ta ce?"

Umaru ya ɗaga murya. "Kun gani ko? Ta amsa laifinta! Malam nauyin faɗa yake ji, mutumin kirki ne, ba ya son a ce bakinsa ne ya kashe ta."

Wuri ya hautsine. Wani ya kai mata gora a kafaɗa, ta kife. Na ji ƙarar murfin jarka, warin fetur ya bugi hancina. Uba ya ɗaga hannu yana tare mutane da ƙirjinsa, ya juyo ga mijina.

"Malam, ba sai ka furta ba. In ta amsa, gyaɗa kai kawai, ka hau babur ɗinka ka tafi."

Ban taɓa jin haushin Tasi'u irin na wannan lokacin ba, kuma ban taɓa jin tausayinsa haka ba. Wuyansa ya sandare. Ya dubi matar, ya dubi ɗalibansa, sai ya ɗaga hannu biyu sama.

"Ku tsaya! Wallahi tallahi ban ji ko kalma ɗaya ba. Ban iya Faransanci ba. Ban taɓa iyawa ba."

Mamaki ya tsayar da su fiye da yadda roƙo zai yi. Wani a baya ya ce, "Kai, Malam, wasa kake."

"Ba wasa ba ne. Mansura! Ina Maman Raihana? Ku ba ta hanya, ita ce ta iya."

Na keta maza na isa wajenta. Na durƙusa na ɗago matar, na ce mata ta yi magana a hankali, ina ji. Harshena ya yi tsatsa, kalmomin suna fitowa a karkace, amma ta gane. Ta riƙe ni har farcenta ya shiga fatata.

Na dinga faɗa musu gaɓa-gaɓa. Daga Mundu ta taso, ta biyo ta Kano, za ta Jos wajen mijinta mai aikin walda. Yarinyar gudawa take yi tun jiya. Da mota ta tsaya a nan ta sauko ta wanke ta a bayan shaguna, kafin ta dawo mota ta tashi da jakarta, da waya, da takardu. Motar take nema. Yarinyar kuwa ciwon ciki ne ya sa take ture kowa.

"Ƙarya ce, kowa ma zai iya tsara wannan," in ji Umaru. "Mu shaida muke so."

Na faɗa mata. Ta yi magana da sauri, sai da na sa ta maimaita.

"Ta ce a ɗaga rigar yarinyar. A ƙarƙashin haƙarƙarin hagu akwai tabon ƙuna, faɗin yatsa biyu, ruwan shayi ne ya zubo mata bara. A bayan kunnen dama kuma akwai tawadar Allah."

Iya Kaltume ta ɗaga rigar a gaban kowa. Ta daɗe tana kallo, sannan ta karkata kan yarinyar ta duba bayan kunne.

"Ga su nan duka biyun," ta ce. "Innalillahi. Ku kun ga abin da kuka so jawo mana?"

Ta taka da kanta ta ɗora yarinyar a cinyar uwar. Gororin suka fara sauka ɗaya bayan ɗaya. Umaru ya rufe jarkarsa ya sulale. Uba ya shiga kiran tashar Jos a waya a tare jakar, yana yi yana kauce wa idon matar. Can baya na ji wani yaro cikin ɗaliban ya kwaikwayi muryar mijina, aka yi ƙasa-ƙasa da dariya. Tasi'u ya ji, bai waiga ba.

Na kawo ruwa ina wanke mata leɓe. Ta bari na gama, sannan ta dube ni cikin ido ta yi magana a hankali, yadda ba zan ce ban gane ba. Ta ce tun tana yi wa mai gilashin magana ta hango ni cikin mata, ta ga fuskata, ta san ina jin ta. Ta ce da ni take magana, ba da shi ba. Ta ce me na tsaya jira?

Ruwan ya zube daga hannuna. Ba Faransancin ne ya ƙare mini ba.

Tasi'u ya matso ya tsuguna kusa da mu, ya rage murya.

"Mansura, me ta ce?"

Na ce, "Tambayata take yi abin da na tsaya jira."

Ya sunkuyar da kai. Matar tana nan tana kallona, tana jiran amsa, kafaɗarta ta fara kumbura inda gorar ta same ta.