Garke Na Goma Sha Biyu

Ni na gayyato Ekwutosi ta yi mana jawabin ranar Laraba a sashenmu, kuma ni ne mutumin da ya kashe mata takardar bincike wata takwas kafin nan. Na biyun ba ta sani ba.

Ajinmu ɗaya da ita tun muna ɗalibai, kafin aiki ya kai ta wata jami'a. Ta share shekara uku tana auna saurin juyawar ƙananan garkunan taurari, don ta gano nauyin abin nan da ke riƙe su wanda ido ba ya gani. Ni ma shi nake nema, sai dai ta yi mini nisa. Da ta aika wa mujalla sakamakonta, edita ya turo mini in duba. A sana'armu ba a faɗa wa marubuci sunan mai dubawa. Na sami kuskure ɗaya na gaske, na bi shi da shafi huɗu na cin mutunci, aka ƙi takardar. Hassada ce, ba ni da wani sunan da zan ba ta.

Washegari ta kira ni a waya.

"Okwudili, ka ji abin da wani mara kunya ya rubuta mini? Wai in koma aji ɗaya!"

"Rabu da shi, 'yar'uwa," na ce. "Wani tsohon banza ne da ya gaji da kansa."

Gayyatar ma don zuciyata ta daina cizona na yi ta. Ranar na tarye ta a tasha, muka tsaya muka ci okpa, wato alalen gurjiya, mai zafi a bakin ƙofar makaranta, tana tsokanata wai na yi tumbi kamar ɗan kwangila.

Ɗakin ya cika. Farfesa Anyadike, shugaban sashe, ya zauna a gaba ya lumshe ido kamar kullum. Ekwutosi ta nuna garkuna goma sha ɗaya, ɗaya bayan ɗaya, aiki tsaf. Aka tafa. Al'adarmu ce in masu sauraro sun yi shiru, wanda ya gayyato baƙo shi ke buɗe tambaya. Aka yi shiru kuwa. Ni da son a ce na iya, na miƙe.

"Aiki ya yi kyau. To ina na goma sha biyun, wanda ya fuskanto mu sosai har juyawarsa ba ta aunuwa?"

Ban gama rufe baki ba na gane na tona wa kaina asiri. Na goma sha biyun bai fito a allo ba. A takardar da aka ƙi kaɗai yake, ita kuwa takardar ba ta taɓa nuna wa kowa ba, har ni.

Ta dube ni. Ba ta daɗe ba, amma ni na ji kamar an yini.

"Na cire shi, Dakta," ta ce. "Wanda ya duba takardata ya ce bai aunu ba, kuma a nan ya yi gaskiya."

Farfesa ya buɗe ido. "Kai Okwudili, duba ka fara yi? Ka ga abin da ba a nuna ba!"

Ɗaki ya kwashe da dariya. Ni ma na yi, haƙorana a bushe. Kunya ta rufe ni har na kasa ɗaga kai in karanta godiyar da na shirya.

Ni zan mayar da ita tasha, ba yadda za a yi. Na ɗauke ta a motata. Da muka isa ta ɗauki jakarta, ta fita, sannan ta sunkuyo ta taga.

"Tambaya ɗaya gare ni. Ka karanta takardar har ƙarshe?"

"Na karanta."

"Har wurin godiya?"

Na gyaɗa kai. Layi biyu ne a shafin ƙarshe, kuma sunan mutum ɗaya ne a ciki.

"Ashe ka ga sunanka," ta ce, ta juya ta shiga layin masu sayen tikiti.