Biyu Ko Uku

A shekarar 1998 duk wanda kwamfutarsa ta ƙi tashi tsakanin Gusau da Tsafe, ni Lawali ake nema. Da gyaran rediyo na fara, kuma a lokacin ban yarda akwai abin da ban sani ba.

Alhaji Dalhatu yana da shagon buga takardu a bakin titin Tsafe, da kwamfuta guda tal. Ya sayo mata ƙarin memori na gwanjo, wato ɗan siririn katin da na'ura ke riƙe aikin da ke hannunta a ciki, ya aika in zo in saka. Na saka shi kusa da nata sabo. Da na gama ne sai ƙaiƙayin hannu ya kama ni. Na shiga BIOS, shuɗin allon nan da ake saita cikin na'ura, na tarar da wurin da aka ce memori ya jira bugu uku kafin ya amsa. Na mai da shi biyu, don a ce Lawali ya sa kwamfuta gudu. Ban gaya wa kowa ba.

Bayan mako guda aka sake kirana. Wai da safe lafiya lau, amma da zarar rana ta take, sai kwamfutar ta sandare a tsakiyar aiki, shafi goma ya tafi a banza. Alhaji ya riga ya yanke hukunci: Shafa'atu mai bugawa ce ke dannawa da ƙarfi. Ya ce in abin ya sake faruwa, ta koma gida. Na same ta idonta ja wur.

Ranar kuwa babanta Malam Sahabi ya zo daga Bilbis ba Alhaji haƙuri. Manomi ne, yana zaune bisa benci yana kallona ina kwance wannan ina ɗaura wancan. Ya tambaye ni ko waɗancan katuna biyu sa'annin juna ne. Don in sallame shi, na ce ɗaya sabo ɗaya tsoho, kuma dukansu gudun sabon suke yi.

Ya yi dariya har da tari. "Yaro, mu in munka haɗa tsohon sa da matashi wurin huɗa, tafiyar tsohon muka bi. In ba haka ba, kamin azahar ya durƙushe."

Na koma shuɗin allo, na mai da biyu uku. Shafa'atu ta zauna ta buga har la'asar, cikin zafin nan, kwamfuta ko gezau.

Alhaji ya shigo yana murna, yana cewa yarinya ta ɓata, gwani ya gyara. Da na kama bakina, da haka maganar za ta tafi. Malam Sahabi kuwa kallona kawai yake.

"Alhaji, ni na ɓata ta," na ce. "Baban Shafa'atu ne ya gyara."

Alhaji ya dube ni, ya dubi tsohon. Sai ya ɗauki lemon da ya sayo mini mai sanyi, ya ajiye shi gaban Shafa'atu, ya ce ta yafe masa.