Darasi na Shida

"Tsaya, Yaya, tsaya! Kin sake ba ta baya."

Malama ta juyo daga jikin allon da alli a hannu, ta harari babbar wayar da muka jingina da tulin littattafai a kan kujera.

"Shekara talatin da ɗaya ina ba yara baya ina rubutu, ba wanda ya taɓa ƙorafi. Sai wannan abar?"

"Ai ita ba ta iya leƙe. Abin da ke gabanta kawai take ɗauka."

Ta ja tsaki, ta goge allon da gefen hannu. Karo na biyar ke nan muna sake darasi ɗaya, ni kuma gwiwoyina sun ƙage a kan ɗan bencin da ta zaunar da ni.

Ni tela ce, katanga ɗaya ta raba shagona da ɗakin Malama. Ba uwa ɗaya muke ba, shekarun maƙwabtaka ne suka sa nake ce mata Yaya. Lissafi take koyarwa a aji biyar. A farkon watan nan makarantarsu ta raba wa malamai manyan wayoyi, aka yi musu bita ta sati guda, aka ce kowa ya ɗauki bidiyon darasi shida ya loda a shafin makaranta kafin wata ya ƙare. Wanda ya kasa za a karɓe ajinsa, a mayar da shi sito yana gadin littattafai. Saura mata shekara biyu ta yi ritaya, kuma ta rantse ba za ta ƙarasa su tsakanin kwalaye da ɓeraye ba.

Da farko ita kaɗai ta gwada. Kwana biyu tana tsayawa gaban wayar bakinta ya ƙi buɗewa. Rana ta uku ta shigo shagona.

"Tela, aron fuskarki na zo yi. Ni ban iya koyar da bango ba. In ban ga ido yana kallona ba, maganar ba ta fitowa."

"Ni da na bar makaranta tun aji uku?"

"Yawwa, irinki nake nema. Wanda ya sani ai ba ya sauraro."

Haka na zama ɗaliba da furfurata. Mu biyu ne a ajin da farko, ni da mijinta, tsohon direban babbar mota da ciwon baya ya zaunar a gida. Ya shigo yana cewa gemu ba ya hana ilimi, kafin minti biyar ya fara minshari. Da ta tashe shi ta tambaye shi bakwai sau takwas, sai ya ce tayar motarsa goma sha takwas ce, abin da ya sani ke nan. Nan take ta kore shi daga aji, ya fita yana dariya yana cewa zai kai ƙara wurin hedimasta.

Dariyar ba ta daɗe ba. Darasin minti goma sai ya ci mana awa uku. Ko ta manta ba ta danna jan maɓallin ba, ko babur ya wuce da ƙara, ko a gama lafiya a duba a ga kanta ya fita daga hoton, sai wuya da hannu. In an samu mai kyau kuma sai lodawa. Mu zuba wa layin da ke nuna lodawar ido yana jan ciki, ya kai kusan ƙarshe, sabis ya ɗauke. Ta kira yarinyar da ta yi musu bita, ita kuma kullum amsarta ɗaya: "Mama, ai abu ne mai sauƙi."

"Komai mai sauƙi ne a wurin wanda aka haifa da shi a hannu," in ji Malama bayan ta kashe wayar.

Ina ganin yadda ƙafafunta ke kumbura har takalmi ya daina shiga. Tana rubuta layi biyu sai ta dafa allo tana haki. Na ce ta je asibiti, ta ce bayan na shida. Mijinta ya yi faɗa, ta ce bayan na shida. Amma fa in ta fara, wallahi sai ka manta da wayar. Takan dube ni ta ce, "Tela, me kika gani?" kuma ba ta matsawa sai na buɗe baki, ko da shirme zan faɗa. A wurinta na san cewa rabawa da saura ba wani dodo ba ne.

Muka yi biyar. Saura ɗaya, saura kwana biyu.

Ranar ina da kayan makaranta na yara tuli guda, masu su sun zo sau biyu suna zagina a fakaice. Bayana kamar an sare shi. Da yamma sai ga ta a bakin shago, ta dafa ƙofa.

"Ɗalibata, an kaɗa ƙararrawa."

Ban ko ɗago kai ba. "Yaya, don Allah ki ƙyale ni yau. Na gaji. Wallahi na gaji da bencin nan."

"Na ƙarshe ne fa."

"To su ba ki siton mana, ki huta! Dubi ƙafarki. Me ajin nan zai ƙara miki?"

Na ji tsayuwarta a kaina, amma na ci gaba da taka keke.

"Haka ne," ta ce. "Yi aikinki."

Washegari da safe ta yanke jiki ta faɗi a bakin ƙofar ajinta, jaka a kafaɗa. Kafin na rufe shago na isa asibiti an riga an ja mata mayafi. Na tsaya a barandar ina jin mijinta yana ta maimaita wa wata nas cewa ai da ƙafarta ta fita. Ban yi kuka a wurin ba. Haushin kaina ne ya cika mini ƙirji, har babu wurin da kukan zai bi.

Bayan sati guda yarinyar bita ta zo karɓar wayar, wai za a ba malamin da ya gaji ajin. Yarinya ce mai ladabi, ta durƙusa ta yi gaisuwa, idonta ya yi ja. Mijin Malama ya aika aka kira ni, don ni na san inda cajar take. Tana duba wayar sai ta tsaya.

"Baba, ai Mama ta cika shida. Ga na ƙarshen nan, lodawa kawai ya rage."

"Ita da wa ta yi?" ya tambaye ni.

Na miƙa wa yarinyar cajar, na kau da kai.

"Kunna mana," ya ce wa yarinyar.

Ta jingina wayar a kan kujera, muka matso. Ga Malama nan tsaye a gefen allo, ba ta ba da baya ba ko sau ɗaya, kanta bai fita daga hoto ba. Ta yi bayani a hankali, tana tsayawa tana jan numfashi. Can sai ta juya ta dubi gefen da bencin yake, inda hoton bai kai ba.

"Tela," ta ce, "maɓalli ashirin da uku, riga huɗu. Kowace riga nawa za ta samu, nawa zai rage?"

Ta tsaya tana jira, alli a hannu, ta ɗan karkata kai. Ɗakin cikin wayar ya yi tsit. Ba abin da ake ji sai ƙarar kekena daga bayan katanga, yana tafiya, yana tsayawa, yana sake tafiya.