Injin da Barnaba Ya Tayar a Segambut

Barnaba Gyang ɗan Jos ne, ya zo Kuala Lumpur karatun digiri na biyu a fannin injiniya, a jami'ar da ke Jalan Semarak. Ɗaki ɗaya suka kama a unguwar Chow Kit shi da Alkasim, wani Bakano mai karatun lissafi. Amma kafin a san shi da biro, da sifana aka san shi, don mahaifinsa shekara talatin ya yi yana gyaran motoci a garejin 'yan sanda, kuma a ƙarƙashin mota ya raini 'ya'yansa.

Da korona ta zo aka rufe jami'a, wata biyu Barnaba yana kallon silin. Ana sassauta kulle sai ya nufi unguwar Segambut, garejin wani dattijo ɗan China da kowa ke kira Uncle Teoh, inda ya saba zuwa ranar Asabar yana taya aiki a ba shi abinci. A can ƙuryar garejin ya tarar da tsohuwar motar 'yan sandan Amurka, Plymouth Fury ta 1977, baƙa da fari, sitiyari a hagu, fitilar jiniya a fashe. Wani mai shirya fim ne ya shigo da ita shekarun baya, ya watsar.

"Za ka iya tashe ta?" in ji Teoh da Turancinsa na kasuwa.

Barnaba ya buɗe bonet. Injin 318 ne a ciki, mai silinda takwas, ya yi tsatsa amma bai tsage ba. Ya bayyana wa Teoh cewa irin waɗannan motoci zaɓi ake ba 'yan sanda: ƙarami na sintiri cikin gari, ko 360 da 400 na tsaka-tsaki, ko 440 na bin ɓarawo a babban titi. Wannan da ƙaramin ta fito daga kamfani, lambar jikinta ta nuna. A gyara shi kawai, kayansa sun fi sauƙin samu, kuma ba zai sha mai kamar rijiya ba.

Teoh ya girgiza kai, ya ja shi bayan gareji, ya yaye wata tamfol. Ga injin 440 a kan katako, rabinsa a warwatse cikin bokitai.

"Wa zai tsaya kallon ƙaramin inji? Wannan nake so. Boleh?"

"Boleh, Uncle," in ji Barnaba, wato zai yiwu a yaren Malay, ko da yake zuciyarsa ba ta kwanta ba.

Da yamma ya kira mahaifinsa ta bidiyo ya nuna masa hotuna. Tsohon ya matso da fuskarsa har hancinsa ya cika waya.

"Kai, wannan ai ba inji ba ne, ɗaki ne! Mu Fijo da Landiroba muka sani. Ka auna fistin ɗaya bayan ɗaya, kada ka yarda da ido. In ka gama ka kunna mini in ji kukansa."

Daga ranar aikin ya zama na mutum biyu. Barnaba ya jingina waya a jikin galan ɗin baƙin mai, Baba yana zaune a tsakar gida a Jos da rigar sanyi, yana faɗa yana gyara. Kayan da aka yi oda daga Amurka sai su yi wata biyu a hanya. Abin da bai samu ba, Barnaba ya kai wa masu walda su ƙera. Kabureta kaɗai sau huɗu ya kwance ta. Kullum zai dawo Chow Kit da tapau, wato ƙunshin shinkafa a leda, farcensa baƙi ƙirin, Alkasim ya dube shi ya ce, "Mutumina, supervisor ɗinka ya san kana raye kuwa? Ka bar thesis kana wa wani bauta."

A watan Agusta Baba ya fara tari. Ya ce mura ce. Kwana tara bayan nan, Barnaba yana kwance ƙarƙashin mota yana ɗaure salansa, waya ta yi ta ruri a aljihun rigarsa da ke rataye. Sai da ya fito ya wanke hannu ya ga kira shida daga ƙanwarsa Caroline. Biyun farko Baba ne ya sa ta kira, yana son magana da shi. Sauran huɗun na sanarwar rasuwarsa ne.

Babu jirgi, kuma ko da akwai, wanda ya fita daga ƙasar ba za a bar shi ya dawo ba. A waya ya kalli jana'izar, hoton yana tsayawa yana tafiya, Alkasim na zaune gefensa ya dafa masa kafaɗa. Washegari ya koma gareji. Teoh ya ce ya huta mako guda, ya ce a'a. Bai san inda zai kai hannuwansa ba in ba can ba.

Injin ya tashi ranar wata Talata a watan Disamba. Ya yi tari sau biyu, ya tofar da hayaƙi, sannan ya kama wani gurnani mai nauyi da ya sa kwanon rufin garejin rawa. Makanikan maƙwabta suka fito da takunkumi a haɓa suna tafi. Teoh ya ɗauki bidiyo yana dariya. Barnaba ya shiga motar, ya kai ta ƙarshen layi ya dawo, tafiyar da ba ta fi mita ɗari uku ba. Ya kashe ta, ya zauna riƙe da sitiyari, ya daɗe bai fito ba.

Ita ke nan tafiyar da ta yi. A Janairu aka sake kulle gari, a Yuni aka ƙara tsanantawa. Teoh ya daina ɗaga waya. Da aka buɗe hanya Barnaba ya je Segambut, ya tarar da ƙofa a garƙame da takardar neman ɗan haya.

Alkasim ne ya gano motar, wajen ƙarshen shekara, a hoton da wata 'yar ajinsu ta saka a intanet. Sabon gidan shan kofi ne a unguwar Bangsar. Suka hau jirgin ƙasa suka je ranar Lahadi.

Motar tana tsakiyar shagon, an yanke rufinta, an sa kujeru masu laushi a ciki, matasa na layi suna ɗaukar hoto da hular 'yan sanda ta roba. Bonet a buɗe, an cika wurin injin da tukwanen fulawa. Barnaba ya tsaya yana waige-waige. Sai ya hango injin kusa da taga. An wanke shi, an fesa masa jan fenti, an huda gindinsa an yi masa ƙafafu huɗu, an ɗora gilashi a kai. An zare fistin takwas ɗin nan da ya auna ɗaya bayan ɗaya, an cusa kwalaben lemo a ramukan.

Ya fita waje ya kira Teoh da wayar Alkasim. Wannan karon aka ɗauka.

"Uncle, ni ne Barnaba. Injin nan lafiyarsa ƙalau. Me ya sa?"

Teoh ya ce da Turancinsa na kasuwa, "Ba wanda zai hau ta, lah. Harajin titi na inji irin wannan, wa zai iya a wannan lokaci? Da ƙaramin ne, wataƙila. Su kuma teburi suke so." Ya ƙara da cewa matarsa ta yi wata guda a asibiti, ya sallami yaran garejin duka, yanzu yana garin Ipoh gidan ɗansa. "Kai yaro ne mai hannu. Sorry, ya."

Barnaba ya so ya yi masa ihu, amma muryar tsohon ta fi tasa gajiya. Ya kashe wayar ya miƙa wa Alkasim.

"Mu tafi gida," in ji Alkasim.

"Mun riga mun zo."

Suka koma ciki. Wata ma'aikaciya ta duba shaidar rigakafinsu, ta yi murmushi ta bayan takunkumi, ta ce sun yi sa'a, teburin da kowa ke rububi yanzu aka tashi daga kansa. Ta nuna musu wajen taga.

"Babu wani?" Barnaba ya tambaya.

Ta duba shagon, ta ce duk a cike suke.

Suka karɓi kofi biyu a kofin takarda, suka sha a tsaye a bakin titi, cikin zafin rana. Barnaba ya kurɓa sau biyu, ya zubar da sauran a kwata.